Likkafanin da Jidda Ta Taɓa

A cikin duk mutanen da Allah Ya tara a lungunan unguwar Nuzla ta Jidda, babu wanda ya kai Hamad zagin Jidda, kuma babu wanda ya kai shi ƙin barinta. Umara ya zo yi tun ƙarshen shekarun saba'in, da niyyar ya yi ɗawafi ya juya gida. Sai ga shi shekarun tamanin sun raba tsakiya yana nan yana dakon buhuna a tashar jiragen ruwa, ba takardar iƙama, ba kafilin da zai tsaya masa, ba mata, sai baki. Bakin kuwa Allah Ya ba shi.

Mutumin duwatsun Abzin ne, daga wani ƙauye da ake kira Tagalat, can bayan Agadas, inda mota ke kai mutum wani wuri ta ce iyakarta ke nan, raƙumi ya karɓa, shi ma ya gaji, a ƙarasa da ƙafa. Kullum bayan la'asar in an taso daga aiki sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Hajiya Rabi'a inda yake haya, ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi, ya buɗe darasi. Darasin guda ne tun zuwansa, bai taɓa sauya shi ba: Tagalat ita ce ƙasa, Jidda kuwa tukunya ce da aka manta a kan wuta da murfinta.

"A wurinmu abu ba ya ruɓewa," in ji shi, yana ɗaga butar sama yana zuba shayi ya yi kumfa. "Ka yanka akuya da safe, ka rataye naman a ƙaya, kafin azahar ya zama kilishi da kansa. Cukun da kakata ta yi kafin a haife ni, da shi na karya haƙorin nan. Akwai wani jaki da ya mutu a hanyar rijiya ina yaro, wallahi har na baro gida yana nan kwance da kunnuwansa biyu, in ka zo wucewa sai ka ji kamar ka yi masa sallama."

Mato, abokin ɗakinsa, mutumin Damagaram, ya ji labarin jakin nan har ya san launinsa. Ba ya gajiya da tsokana.

"To Buzu, me ya fito da kai daga wannan aljanna? Jakin ne ya kore ka?"

"Ku mutanen kudu ba za ku gane ba. Mu can in ka yi gumi, iska ce ke lashe shi tun bai gangaro ba. Nan kuwa mutum ya yi wanka, ya fito ya fi jiƙa a kan lokacin da yake cikin bayi. Gishiri ya zama kunu a cikin gwangwani. Ashana ta ƙi kamawa. Ƙusa ka buga a bango, wata ɗaya ta yi tsatsa kamar an haƙo ta daga kabari. Wannan gari ne?"

Abin da ba ya sakawa a darasin shi ne, a aljannar tasa leɓe kan tsage har mutum ya ji tsoron dariya, dunduniya ta dare har ƙwallon dabino ya iya ɓuya a ciki, hanci ya yi ta haɓo ba dalili. Ba ya faɗin shekarun da sama ke wucewa ta kan duwatsun ko tofi ba ta yi ba, awaki su hau bishiya su cinye ta, su sauko su fara kallon tabarma. Ba ya faɗin yadda dare ke yin sanyi har tsoho ya rungumi akuya. In an matsa masa sai ya ce ai wahalar da ke busar da mutum ta fi daɗin da ke ruɓar da shi.

Teku kuwa, gabarsu ta daɗe. Ranar da ya fara ganinta ya tsaya baki buɗe, ya tambaya waye ya bar wannan ruwa haka ba mai gadi. Ya durƙusa ya ɗiba da tafi biyu ya kai baki, ya furzar, tun daga ranar ya yanke hukunci cewa babu yaudarar da ta kai ta girma a duniya. Shekara da shekaru yana aiki a bakinta, amma in ya zauna cin abinci baya yake juya mata.

To duk wannan surutu, akwai abu guda da Hamad ba ya kawowa a tabarmar shayi. Yana ƙarƙashin gadonsa a cikin akwatin ƙarfe.

Ranar da zai baro Tagalat, mahaifiyarsa Inna Aissa ta kira shi bayan bukka ta miƙa masa wani ƙunshi. Sawaye ne farare, saƙar hannu, masu kauri, waɗanda ayari ya kawo daga kudu ta musanya da cuku da dabino. Ita da kanta ta zauna ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya da ɗinkinta mai karkata. Likkafaninta ne. Ta ji ana cewa alhazai kan tsoma nasu a ruwan Zamzam, ita kuwa ta san ƙafarta ba za ta taka Makka ba, to ko tufarta ta je.

"Ka tsoma min shi ka kawo," ta ce. "Kada ka yi gaggawa ka faɗi a hanya. Ba inda za ni sai ya dawo."

Wani da ya ji wannan sai ya ɗauka maganar tsofaffi ce. Hamad ya san uwarsa. Mace ce da ta taɓa yin fushi da rijiyar gabas don an yi mata rashin kunya a bakinta, ta koma ɗebo ruwa a ta yamma mai nisan gaske, har yarinyar da ta yi mata rashin kunyar ta yi jika ba ta sauko ba. In Aissa ta ce ba inda za ta, to Mala'ikan mutuwa ma sai dai ya nemi wuri ya zauna.

Nan dabara ta faɗo wa Hamad, irin dabarar da mutum ba ya faɗa wa kowa, har kansa ma ba ya faɗa wa sosai. Muddin ƙunshin nan yana Jidda, yana da uwa. Saboda haka kowace shekara in alhazan wajensu suka zo da tambaya, sai ya ba su amsa su koma da ita. Bana cunkoso ya yi yawa a bakin rijiya. Bana wanda zai kai ba mai amana ba ne. Bana an ce jirgi ba ya ɗaukar kaya masu nauyi, kamar dai likkafanin tsohuwa buhun siminti ne. Ya je Makka ya fi a ƙirga, ya sha Zamzam har cikinsa ya yi ƙara, amma ƙunshin ko ƙofar ɗaki bai taɓa leƙawa ba.

A shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, lokacin da bangon Nuzla kansa ke gumi, sai ga Kawu Idris, ƙanin Inna Aissa. An sauko daga Arfa ke nan, ya biyo kwatance har ƙofar Hajiya Rabi'a, rawaninsa ya jiƙe sharkaf, yana rungume da jarkar Zamzam kamar jariri. Siririn tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya zauna ya sha shayi, ya saurari darasin yamma daga farko har jaki.

"Kawu, faɗa musu," in ji Hamad. "Jakin nan yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan," in ji Kawu Idris. "Shi kaɗai ne bai rame ba a garin."

Mato ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da jama'a suka watse, tsohon ya tura jarkar gaban Hamad da ƙafa.

"Uwarka ta ce in tambaye ka, Zamzam ɗin ce ta ƙafe ko kai ne ka ɓata? Na ce zan duba. Na duba, ba ta ƙafe ba, ga ta nan. Gobe zan wuce Madina ziyara. In na dawo ta nan zan hau jirgi, kuma da kayanta zan hau."

"Kawu, ai da ma bana nake shirin..."

"Idonta ya tafi. Ba ta tashi."

Tsohon ya ja rawani ya rufe baki.

Ranar Juma'a da hantsi Hamad ya jawo akwatin, ya hau saman gida da baho da jarkar. Ya warware sawayen, ya tsoma su, ya danna har suka sha suka ƙoshi, ya matse, ya shanya a igiya. Yana cikin gyara gefe sai ga Hajiya Rabi'a ta hawo da kwandon wanki a ka. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo da ƙafa daga Katsina, Hausarta rabi Larabci ce, kuma ita ke wanke wa duk gwaurayen gidan kaya. Shi ya sa Hamad, duk shekarun nan da ya yi yana zagin iskar Jidda, bai taɓa shanya ko hula da hannunsa ba.

"Ya Laɗif! Esh hada, ya Hamad? Likkafani a igiyata? Waye ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Hajiya. Na Inna ne."

Da ta ji bayani sai ta sassauta. Ta murza gefen tufar da yatsu biyu.

"Wannan mai kauri ne, wallah. Kuma yau ruɗuba ta yi yawa, iskar kanta ruwa ce. Ka bar shi har magariba, ba'aden ka kawo shi ɗakina ya kwana ƙarƙashin fanka, gobe a sake fito da shi."

"Kwana? Tufa ta kwana tana bushewa?" Hamad ya yi dariyar tausayi. "Hajiya, a wurinmu mace kan wanke zanenta guda ɗaya, ta tsuguna bayan dutse, kafin ta gama tsefe kai ya bushe ta ɗaura. Bargo ma ba ya wuce shan shayi."

"Nan ba wurinku ba ne, ya sheikh."

"Rana dai guda ce."

"Khalas, kai ka sani," ta ce, ta juya ga wankinta.

Hamad ya ɗora shayi a nan saman gidan, ya zauna yana jira. Gaskiyar magana, ba taurin kai kaɗai ya hana shi jin shawara ba. Duk lokacin da ya ɗaga ido sai ya ga farar tufar nan tana lilo a hankali, tsawon uwarsa, faɗin uwarsa, ga ɗinkinta mai karkata yana kallonsa. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Yana kurɓe kofi na uku ya miƙe ya taɓa. Rana ta gasa saman tufar ta yi zafi, tafin hannunsa kuma da ma a jiƙe yake da gumi kamar kullum, to yaya zai bambance? Ya ce ta bushe. Ya ninke ta maza-maza. Don ya kare ta daga mugunyar iskar Jidda kuwa, sai ya sa ta a leda, ya sa ledar a wata ledar, ya ɗaure bakin tamau, ya kulle a akwatin ƙarfe, ya tura can ƙarƙashin gado inda zafi ke kwana. Ya koma tabarma yana faɗa wa Mato cewa ko ruɗubar Jidda aljana ce ba za ta sami ƙofar shiga ba.

Ba ta buƙatar ƙofa. Shi da hannunsa ya kulle ta a ciki.

Kawu Idris ya daɗe a Madina, ya dawo ana jibi jirginsu zai tashi. Bayan sallar azahar ya ce a fito da kaya ya gani. Hamad ya jawo akwatin tsakar gida, gaban Mato da Hajiya Rabi'a, ya kwance leda ta farko da alfahari. Yana kwance ta biyu wani wari ya bugo, irin na ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya warware tufar. Daga sama har ƙasa ta yi ɗigo-ɗigo baƙi da kore, wani wurin har da gashi-gashi.

 Kawu Idris, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ganin fumfuna a jikin tufa ba, ya sunkuya yana kallo kamar an nuna masa rubutun Nasara.

"Wane ne ya yi mata zane?"

"Jidda ce, Kawu," in ji Mato, yana danne dariya da ƙyar. "Buzu, ai ka mai da likkafanin Inna zabuwa."

Hajiya Rabi'a ba ta ce na faɗa maka ba. Ta dai kalle shi, kallon ya fi faɗin ciwo.

Shawara ta ɓarke. Mato ya ce abin ai mai sauƙi ne, a hau mota zuwa Sharafiyya, shaguna cike suke da farin yadi mai santsi, a yanko, a tsoma, wa ya sani? Tunda ma ba ta gani. Kawu Idris ya girgiza kai, ya ce wadda ta haɗa sawayen nan da hannunta, ko a cikin barci ta shafa za ta san ɗinkinta, kuma shi ba zai tsaya gaban yayarsa da ƙarya a hannu ba, yana tsoron bakinta fiye da yadda yake tsoron jirgin sama. Hajiya Rabi'a ta ce za ta wanke da sabulu da lemun tsami, amma ba za ta sa ruwan bilic ba, don tsohon zare ne, zai cinye shi ya bar musu raga. Sai Kawu ya kawo tasa damuwar: in an wanke, Zamzam ɗin ba za ta fita ba? Mato ya ce albarka ai ba sitaci ba ce da za ta bi ruwa. Kawu ya ce shi dai bai yarda ba. Aka girgiza jarka, aka ji da saura a ciki, aka daidaita a kan in an wanke a sake tsomawa.

Hajiya Rabi'a ta wanke har hannunta ya yi ja. Gashin ya fita, koren ya fita, amma ɗigon baƙin ya dusashe ne kawai ya zauna daram, warin ma ya ƙi tafiya duka.

Abin mamaki, mai laifin ne ya fi kowa walwala. Da la'asar Hamad ya hura gawayi, ya zuba sukari fiye da kullum, har da 'yar waƙa a hanci.

"To ai shi ke nan, Kawu," ya ce. "Allah bai nufa bana ba. Wa zai kai wa uwarsa wannan? Ka ce mata an sami 'yar matsala. Zan bar shi nan in yi ta sa shi a rana har ɗigon ya fita sarai, baɗi in Allah Ya kai mu..."

"Buzu," in ji Mato, yana kallonsa ta gefen ido, "kai fa murna kake yi."

"Murnar me?"

Kawu Idris ya ajiye kofinsa bai sha ba. Ya sauke rawani daga bakinsa, abin da mutanensu ba sa yi a gaban baƙi.

"Hamad, na ce maka ba ta tashi, ban faɗa maka sauran ba don ina jin kunyar mutanen nan. Matan maƙwabta ke juya ta. Bayanta duk gyambo ne. Abinci ba ya zama. In ciwo ya taso takan kira sunan Allah ta ce Ya ɗauke ta, sai kuma ta tuna, ta ce a'a, a dakata, kayanta ba su iso ba. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba. Kai kana nan kana shan shayi kana ganin ka yi wa mutuwa wayo. Ba raya ta kake yi ba, ɗana. Ɗaure ta ka yi a rana kamar akuya, ka tafi da igiyar."

Ba wanda ya motsa. Butar ta tafasa ta zubo a kan gawayi, ba wanda ya sauke ta.  Sai Hamad, mai bakin da ya gagari Nuzla, ya fashe da kuka, kukan ƙato mai muni, a bakin titi, 'yan dako 'yan uwansa suna wucewa suna kau da kai. Yana son uwarsa, yana tsoron ranar da za a ce babu ita, kuma yau ya gane tsoron nasa ita ke biyansa da jikinta.

Washegari shi da kansa ya juye sauran Zamzam a baho, ya tsoma tufar, bai yi gaggawa ba. Ya shanya, ya zauna gabanta yana kallonta, wannan karon bai kau da ido ba. Ta yini a rana, Hajiya Rabi'a ta sa mata fanka, duk da haka da lokacin tafiya ya yi in ka matsa wurin ɗinkin sai ka ji sanyi. Jidda ba ta saki.

"Kada ka sa shi a leda," Hamad ya ce wa kawunsa a bakin motar da za ta kai alhazai filin jirgi. Ya ninke tufar sako-sako ya ɗora masa a kafaɗa kamar mayafi. "Ka riƙe shi haka. In kun sauka Agadas, ka nemi kowane falalen dutse ka shimfiɗa. Kafin ka gama shan shayi ya bushe."

Maganar da ya yi shekaru yana faɗa ke nan, amma yau ba alfahari a cikinta.

Darasin yamma ya ci gaba bayan tafiyar Kawu, sai dai ya rage armashi. Jakin ma ya daina fitowa sai an roƙa.

Da Hajji ya zagayo, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar Hajiya Rabi'a da wani ƙaton ƙunshi a ka. Na'ibin masallacin Tagalat ne. Hamad na ganinsa ya san labarin, ya zauna a ƙasa ya yi salati. Na'ibi ya yi masa gaisuwa, aka yi addu'a, sannan ya ba da labari dalla-dalla, don an ce masa kada ya rage komai.

Ya ce Idris ya kai tufar a bushe ƙayau. Aka ɗora mata a ƙirji, ta bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ta ce nata ne. Sannan ta kai hanci, ta daɗe tana shinshina, ta tambaya wannan wane irin wari ne. Idris ya ce warin Jidda ne. Ta ce, ashe a cikin wannan yaron nan yake kwana yake tashi. Ba ta cika mako ba bayan haka, ta tafi da safe, cikin sauƙi, har matan da ke juya ta suka ɗauka barci ne.

"Wannan kuma fa?" in ji Mato, yana nuna ƙaton ƙunshin, don ya ga ana buƙatar wanda zai yi magana.

Na'ibi ya gyara zama. Ya ce ranar da aka yi mata sutura duk garin sun ga ɗigo-ɗigon nan a jikin tufar. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Tsofaffi suka yi shawara suka gane cewa alamar Zamzam ta kama ke nan, don na Alhaji wane da aka kawo shekarun baya fari fat ya dawo, ashe bai kama ba. Idris yana wurin, bai musa ba. Saboda haka ga likkafanin tsofaffin Tagalat nan, maza da mata, kowa ya ce a kai wa Hamad ɗan Aissa, shi ya san yadda ake yi, kuma kowa ya ja kunne cewa in nasa bai yi ɗigo ba kada a dawo masa da shi.

Mato ya faɗi a tabarma yana riƙe ciki. Hajiya Rabi'a ta toshe baki da mayafi ta shige gida, ana jiyo ta daga ciki. Hamad kansa, da hawaye a gemu, sai da ya yi dariya.

"Ku bar min wannan aikin," in ji Mato da ya farfaɗo. "Leda cikin leda da akwatin ƙarfe, ai na ga yadda malamin ya yi."

Na'ibi bai gane abin dariyar ba, bai kuma damu ba. Ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da wani ɗan ƙunshi a jakar fata, ya miƙa wa Hamad.

"Wannan naka ne. Kafin ta rasu ta sa aka gwada tufar a jikinta. Ta ƙanƙance ƙwarai, sai ya yi mata yawa. Ta sa aka farke abin da ya ragu. Ta ce a kawo maka, a ce maka wannan ya riga ya sha Zamzam, ba ka da sauran hujja. Ka nemi ciko ka haɗa naka, ka taho gida. Ta ce ba ta haife ka don ka mutu a garin da mutum zai ruɓe kafin a gama yi masa salla ba."

Hamad ya kwance jakar. Sawaye biyu ne, ga ɗinkin nan mai karkata a tsakaninsu, ga ɗigon Jidda ya dusashe. Sun bushe har suna ƙara a hannu. Ya kai fuska. Warin fumfuna ya tafi gaba ɗaya, duwatsu sun shanye shi, abin da ya rage hayaƙin bukka ne da warin akuya da ƙura mai tsabta. Ya daɗe a haka, ya san in ya bari tufar ta kwana biyu a garin nan wannan ƙamshin ma za a ƙwace masa.

Ran nan ba a yi darasi ba. Gawayi ya mutu da buta a kai. Can Hamad ya mai da tufar cikin jakar fata, ya sa a cikin rigarsa, ya juya ga abokinsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsallake katanga da shiga bayan buhuna in an ce ga 'yan jawazat masu kama marasa takarda su mai da su ƙasarsu, ya share ido da gefen rawani.

"Mato," ya ce, "a wane titi suka fi kamu da safe?"